Da me kuke cusa 'yar tsana?

Sabuwar shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama ɗinke jikin 'yar tsanata da akoko kamar yadda aka nuna mana ranar Asabar, hannu da ƙafa duk na haɗa na juya. Cusawa ce ta rage. Don Allah da me kuke cusawa, kuma a ina ake samu? Ta 'yar yayata ce, ko yaye ta ba a yi ba.

Uwar zaure: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari. Faiba za ki nema, wato audugar roba da ake cusa filo da ita.

Antin Kurna: Faiba dai. Ki je wajen masu yin filo da kujerun kushin, a kilo suke sayarwa.

Hajiya ta Gwammaja: Ku tsaya tukuna, kada ku tura yarinya haka kawai. Faibar ma iri-iri ce, kuma ni na ga abin da na gani. Bara kafin ƙaramar sallah wata baiwar Allah ta ba ni aikin 'yan tsana, za ta raba wa yaran danginsu. Na je wajen wani mai shago, ya buɗe min bakin buhu, fara tas, laushi kamar me. Na biya aka ɗora min a adaidaita. Na saman na fara aiki da ita lafiya lau. Da na kai tsakiyar buhu sai launi ya fara canjawa, ta koma ruwan toka, ga wani wari na tsohon filo da aka daɗe ana kwana a kai. Na zazzage buhun gaba ɗaya a tabarma. Wallahi 'yan uwa har da gashin kai a ciki, da guntayen soso da ya riga ya fara marmashewa, da karyayyen fil mai tsatsa. Fil fa! A abin da za a ba yaro ya rungume ya kwanta da shi.

Tsofaffin filalluka ya farke ya cika buhu, ya lulluɓe saman da sabuwa. Na koma masa, ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Ko sisi bai mayar min ba. Waɗanda na riga na cusa sai da na farke su ɗaya bayan ɗaya don hankalina ya kwanta, ga sallah ta matso, ga ɗinkin mutane a jibge. Kuɗin bai dame ni kamar tunanin da a ce fil ɗin nan ya shiga cikin wata ban gani ba.

Saboda haka 'yata, duk inda za ki saya, ki zura hannunki har gindin buhu ki damƙo ta ƙasa. Ki shinshina. Ki matse ta a tafin hannu ki saki: sabuwa tana tashi nan take, tsohuwa kuwa a dunƙule take zama. In ya hana ki zura hannu, ki yi masa sallama ki wuce gaba. Kuma ko kin yarda da ita, in kin zo gida ki baje ta a rana ki tsefe ta da yatsu kafin ki fara. Abin da ke ciki ba mai gani bayan an rufe ɗinki, daga ke sai Allah, kuma bakin yaro zai je.

Maman 'yan biyu: Innalillahi. Mutane ba sa tsoron Allah.

Antin Kurna: Allah ya mayar miki da alheri Hajiya.

Ta Yakasai: Ni duk wannan faibar ban yarda da ita ba. Audugar rimi muka tashi muka ga ana cusa matashi da ita, kuma har yau akwai matashin kakarmu a gidanmu.

Uwar zaure: Yaya, matashi daban, 'yar tsana daban. Matashi rigarsa ake wankewa. 'Yar tsana kuwa sai ta sha koko da majina da ƙasar tsakar gida, dole a tsoma ta a ruwa gaba ɗayanta. Rimi ba ya son wanki, ga ƙura mai shiga hanci, ga shi da saurin kama wuta. In kuma ba a cire 'ya'yan da kyau ba ɓera zai biyo.

Ta Yakasai: To ai cirewa ake yi.

Maman 'yan biyu: Audugar gona ma haka, in akwai angurya a ciki ɓera sai ya huda. Kuma in ta jiƙe da damina ba ta bushewa da wuri, sai ta fara warin gumi ta daskare waje guda.

Mai keken hannu: Ni ƙyallaye nake yankawa ƙanana-ƙanana in cusa. Kyauta ne, telan layinmu tara min yake yi.

Hajiya ta Gwammaja: Yana yi, amma nauyi gare shi kuma jikin yakan yi gudaji-gudaji. In za ki yi haka ki sa ƙyallen a ciki da gindi don ta iya zama, kai da hannuwa ki sa faiba. Kuma ki wanke su tukuna, sharar shagon tela ba a rasa guntun allura.

Bazazzagiya: Ku Kanawa komai sai kun nemi na kyauta.

Mai keken hannu: Ji mai magana. Wa ya kwashe ƙyallen leshin nan ranar Asabar har da na ƙarƙashin tabarma?

Bazazzagiya: Wannan haƙƙin baƙo ne, iyayen gidanku sun zo ai dole ku ba da.

Antin Kurna: Iyayen gidan wa? A Kwari dai kuke sari ku koma.

Amaryar Dorayi: Sabuwar shiga, tunda kin ce yarinyar ba a yaye ta ba, don Allah kada ki sa mata maɓalli a ido, ko dutsen ado, ko tsakiya. Duk yadda kika ɗinke sai sun cisge da haƙori. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa. Da zare za ki yi idon, baƙi, ki bi shi sau da yawa ki ɓoye ƙullin a ciki.

Ta Yakasai: Ido kuma? Ni ba na sa fuska sam. Haka aka koya mana.

Amaryar Dorayi: Yaya ai ta yara ce.

Ta Yakasai: Ta yara ce amma ke babba kika zauna kika siffanta. Ba ku tuna a 2021 Hisbah ta hana teloli da masu shaguna kafa mutum-mutumi na tallar kaya ba?

Amaryar Dorayi: Wancan na shago ne mai girman mutum, ba abin wasan yara ba.

Malama: Ku yi haƙuri in sa baki. Asalin wasan 'yar tsana ga yara mata ya tabbata. Hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai na ƙyalle a cikin kayan wasanta. Akwai kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, cewa suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya ɗauke masa hankali har a sha ruwa. Inda malamai suka yi saɓani shi ne cika siffa, wato a fitar da ido da hanci da baki sak na mutum. Wasu sun sauƙaƙa tunda ta yara ce, wasu sun ce barin fuskar ya fi. Wadda ta bar tata babu fuska ta yi tsantseni, wadda ta ɗiga ido da zare ita ma tana da magabata. Kowa ta tambayi malamin da take bi, kada mu ɓata da juna a kan wannan.

Uwar zaure: Allah ya saka da alheri Malama. A bar maganar nan haka don Allah, mun sha yin ta.

Ta Yakasai: Ni dai tawa babu fuska, kuma jikokina ba su taɓa ƙin karɓa ba.

Hajiya ta Gwammaja: Mu da muke yara ina muka ga fuska ma? Kara ne ko ƙashin ƙafar rago bayan layya, a wanke a shanya, a ɗaura masa zani da kallabi, a samo zare a yi kitso. Har biki muke yi mata, da gara da kai amarya, a dafa 'yar shinkafa a gwangwani. A nan yawancinmu muka fara riƙe allura.

Maman 'yan biyu: Wallahi Hajiya kin tuna min. Goyo kuwa har sai an kwance mana da dare muna barci.

Antin Kurna: Tunda ana maganar kitso, wane zare kuke sawa a gashi? Nawa ulun saƙa ne amma yana tsinkewa in yara suka ja.

Amaryar Dorayi: Ba zaren ba ne Anti, ɗinkin ne. Ki jera ulun a kan takarda ki bi tsakiyarsa da keke sau biyu, ki yage takardar, sannan ki ɗinka layin a kan 'yar tsanar da hannu. Daga nan ki kitse, shuku ko kalaba, ki ɗaure bakin. Kitsattse ya fi sakakke daɗewa.

Antin Kurna: Madalla, zan gwada.

Mai keken hannu: Ni damuwata launin jiki. Akoko fari-fari ne, ina so ta yi kama da yaranmu.

Bazazzagiya: Ki dafa ganyen shayi mai kauri ki jiƙa yadin, yana ba da ruwan ƙasa mai kyau.

Uwar zaure: Yana yi amma yana kodewa da wanki. Gara ki shiga Kwari ki nemi yadin auduga ruwan ƙasa mara santsi. Yadi ɗaya zai fitar miki da jiki da yawa. Kada ki ɗauki mai roba, yana zamewa a keke kuma bakinsa yana zarewa in kin zo cusawa.

Maman 'yan biyu: Ni tambayata a kan bargon ƙyallaye ce, ina so in gama kafin hunturu. Na haɗa saman, atamfa da shadda murabba'i-murabba'i. Me zan sa a tsakiya?

Antin Kurna: Kin wanke ƙyallayen kafin ki haɗa?

Maman 'yan biyu: Atamfar na wanke, shaddar sabuwa ce ragowar ɗinkin sallah.

Antin Kurna: To tsaya. Rinanniyar shadda tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan kowace kala, in ya ɗauko launi to wanki ɗaya zai ɓata miki atamfar da ke kusa. Kuma wadda aka wanke ta riga ta shige, sabuwar ba ta shige ba, in sun sha ruwa tare ɗinkin zai tattare. In guntayen ba su da yawa ki farke su ki wanke daban har ruwan ya fita fari.

Maman 'yan biyu: Kai Anti, farkewa kuma.

Antin Kurna: Gara yanzu da bayan kin sa shafi.

Ta Yakasai: Ko rinin baba na Kofar Mata, da aka ce tun 1498 ake yi a marinar nan, farkon wanki sai ya saki shuɗi. Ba aibu ba ne, haka baba yake. Ni nakan sayi farin yadi in kai a rina min, in wanke shi shi kaɗai, sannan in yi gefen bargo da shi. Da farar atamfa mai ɗigo yana kyau ƙwarai.

Hajiya ta Gwammaja: Maganar tsakiya, ki je kasuwar Wambai wajen 'yan gwanjo ki nemi bargo mara nauyi ko zanin gado mai kauri. Ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana sosai. Ki shimfiɗa shafin a ƙasa, bargon a kai, haɗin naki a sama, ki kama su da manyan ɗinki na hannu daga tsakiya zuwa gefe, kada ki fara daga baki. Sannan ki hau keke. In kin gama sai ki zare na hannun.

Mai keken hannu: Kekena Butterfly zai ja hawa uku kuwa? Kwanaki da na gwada sai tsallake yake yi.

Uwar zaure: Wace allura ce a kai?

Mai keken hannu: Lamba 14.

Uwar zaure: Sa 16, in da kauri sosai 18. Ki ƙara tsawon ɗinkin, ki sa mai, ki buɗe wajen ƙoshiya ki share ƙurar da ta taru. Kuma kada ki ja yadin da hannu, ki bar haƙorin keken ya tafi da shi, ja ne yake lanƙwasa allura.

Bazazzagiya: In ya ƙi ki yi da hannu kawai, layi-layi. Ya fi ɗaukar lokaci amma bargon ya fi laushi.

Amaryar Dorayi: Wai babban almakashin nan mai baƙin hannu yana wajen wa? Tun haɗuwar da ta wuce ban gan shi a jaka ba.

Bazazzagiya: Yana wajena, na kai wasawa. An yanka takarda da shi ya dakushe.

Uwar zaure: Shi ya sa nake cewa na yadi daban na takarda daban. Asabar bayan la'asar, gidan Hajiya. Kowa ta zo da ƙyallayenta a wanke a goge. Masu zuwa Kwari ranar Alhamis su faɗa tun yau a haɗa kuɗin yadin ruwan ƙasa a sayo gaba ɗaya, ya fi sauƙi.

Antin Kurna: A sa ni, yadi 2.

Mai keken hannu: Ni ma 2, da allura lamba 16 in an samu.

Maman 'yan biyu: Zan zo da bargon Anti ki duba min jar shaddar kafin in farke.