Taron bara kowa ya yi gyangyaɗi, na bana ni aka ɗora wa

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ƙungiyarmu ta ungozomomi da ma'aikatan jinya na ɗakin haihuwa tana yin taron ƙara wa juna sani duk shekara, kwana biyu, mutum wajen 120. Bana kwamiti ya ce ni zan tsara. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda na bara ya kasance. An ce a hallara ƙarfe 9, babban baƙo bai iso ba sai 11 da rabi. Aka shiga jawabin fatan alheri, mutum bakwai, kowanne sai ya jero sunayen manyan da ke kan babban teburi tukuna. Ana gamawa aka kira azahar. Bayan abinci likitoci uku suka yi lacca a jere, majigi cike da rubutun Turanci, suna karantowa kamar masu labarai. Na waiga baya, rabin ɗakin gyangyaɗi, sauran suna kan WhatsApp. Washegari da yawa sa hannu kawai suka yi a rajista, suka karɓi kuɗin mota, suka sulale. Bana mun zaɓi zubar jini bayan haihuwa da farfaɗo da jariri. Yaya zan yi mutane su zauna, su kuma koma asibitocinsu da abin da zai yi amfani?

Matiron mai ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 35 na yi a wannan aikin, tarukan da na zauna ba sa ƙirguwa, amma waɗanda suka sauya min hannu ba su fi yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk a tsaye na yi su. Matar da ta karɓi haihuwa ɗari biyar ba za ki zaunar da ita awa uku kina karanta mata ma'anar zubar jini ba. Ta fi allon sani. Ba ta dai san inda idonta ke yaudararta ba.

Ga abin da za ki yi da safiyar farko. Ki sa a dama ruwa da jar kala, ki auna da sirinji, ki zuba a zannuwa da auduga da tasa: wannan mil 300, wannan 500, wannan 1,000, ke kaɗai kika sani. Ki jera a teburi, kowa ta zo ta duba, ta rubuta ƙiyasinta a takarda ba suna. Sannan ki faɗi gaskiyar awon. Za ki ji ɗaki ya yi tsit, don ido yakan rage jini, musamman idan ya yi yawa. A wannan lokacin ne za ki fito da ledar nan mai awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa. Ba sai kin roƙi kowa ya saurara ba.

Dakta na ɗakin haihuwa:
Mama ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Hujjar ledar nan a gida take. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An samu raguwar kashi 60 cikin 100 na mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta. Dabarar ita ce a gano da wuri da ledar, sannan a yi komai tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, oksitosin (maganin da ke sa mahaifa ta tsuke), tiranezamik (maganin tsayar da jini), ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa. To "tare" ba a koyonsa daga kujera. Ki raba su biyar-biyar, ɗaya ta kwanta a matsayin mai jego, sauran su yi aikin ana duba agogo. Bayanin binciken kansa minti 15 ya ishe ni, in kin gayyace ni. Kuma na amsa laifi, ni ma ina cikin masu karanto majigi.

Baban Sadiq:
Hajiya a yi hattara dai. Na ga ana son a yi watsi da bikin buɗewa. Babban baƙon nan shi ke biyan kuɗin ɗakin taro da abinci. Kika ƙi ba shi girmansa, baɗi a gindin bishiya za ku zauna.

Matiron mai ritaya:
Ba wanda ya ce a kore shi, Baban Sadiq. A rubuta masa ƙarfe 12, a fara aiki ƙarfe 9. In ya iso a tsaya, ya yi jawabi, a ɗauki hoto, a tafi salla tare. Su ma manyan sun fi son su shigo ɗaki cike. Masu fatan alheri kuma a buga nasu a cikin takardar tsarin taro.

Malam Mai Alli:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, a sashen ilimin manya nake koyarwa. Abin da Mama ta faɗa daga gogewa, shi Ba'amurken nan masanin ilimin manya, Malcolm Knowles, ya yi ta nanatawa tun wajen 1970: babba yana son ya san dalilin koyon abu kafin ya ba da hankalinsa, yana zuwa da kayansa na gogewa, kuma matsalar da ke gabansa yake son a warware, ba darasi babi-babi ba. Don haka mako biyu kafin taron ki tura tambaya ɗaya a zaurenku na WhatsApp: wace haihuwa ce ta fi tayar miki da hankali a bana? A amsa da murya, ba sunan asibiti, ba sunan mara lafiya. Ki zaɓi huɗu, su zama abin tattaunawa a ƙananan rukunai. Kada ki haɗa ƙananan ma'aikata da shugabanninsu a teburi ɗaya, in ba haka ba "haka ne ranki ya daɗe" kawai za ki ji. Kuma ki bar su su yi da Hausa. A ɗakin haihuwa ba da Turanci ake ihun neman taimako ba.

Sai batun mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Ebbinghaus, mai binciken yadda mutum ke mantuwa, ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farkon kwanaki in ba a waiwaye shi ba. Taron kwana biyu shi kaɗai ba zai riƙe ba. Kowace ta rubuta abu ɗaya da za ta sauya a wurin aikinta, bayan wata guda ki bi su ki tambaya.

Anti Nas:
Kowa na maganar ilimi, ni bari in yi ta ciki. Kada a ba da tuwo ko shinkafa mai nauyi sannan a kashe fitila a kunna majigi. Bayan azahar aikin hannu za a sa. Nan ne wurin 'yar tsanar jariri da jakar hura iska, irin na shirin koyar da farfaɗo da jarirai na Helping Babies Breathe, inda ake so jaririn da bai yi numfashi ba a fara hura masa iska cikin minti ɗaya da haihuwa. Amma 'yar tsana biyu ga mutum 120 kallo ne. Ki ara daga makarantun ungozoma tun yanzu. Ki tanadi tabarma a gefe don masu goyo, da isassun butoci, don layin alwala kaɗai yana cin rabin awa. Kuɗin mota da takardar shaida kuma sai yammacin rana ta biyu. Mutanenmu sun saba da MCPDP, wato horon dole da ake yi don sabunta lasisi, a ransu taro takarda ce.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka da alheri, na kwafe duka. Na rage laccoci daga shida zuwa biyu, Dakta ka shirya, minti 15 ɗin nan da agogo zan tsaya maka. Mama, jar kalar ta abinci ce ko zoɓo ma zai yi? Kuma wa zai raka ni wurin likitoci huɗun da zan ce wa an cire laccarsu? Ɗaya daga cikinsu malamina ne.

Matiron mai ritaya:
Zoɓo ya yi ruwa, ki ɗan sa masa sitaci ya yi kauri. Malamin naki kuma kada ki ce an cire shi. Ki ce shi zai riƙe agogo a teburin zubar jini, ya yi gyara. Ki zo ki ɗauke ni ranar Laraba bayan la'asar mu je tare.