Iyakar kuɗin shiga a shirin gidaje: albashin wa ake ƙirgawa?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka. Idan aka ce sai wanda kuɗin shigarsa bai wuce kaza ba ne zai samu gidan gwamnati mai sauƙin haya, ko tallafin sayen gidan farko, albashin maigida kaɗai ake dubawa ko har da na uwargida? Kuma kafin a cire haraji ne ko bayan an cire?

Dattijon gidaje:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke shigowa gidan gaba ɗaya ake haɗawa: albashinka, na uwargida, na ɗanka baligi da ke zaune tare da ku, fansho, har da ribar sana'a. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya rubuta albashinsa kawai, a duba bayanan asusun banki a ga wasu kuɗi na shigowa duk wata, shi ke nan an ajiye takardarsa gefe.

Batun haraji kuwa, kowace ƙasa da tsarinta. Amurka da jimillar kuɗi kafin haraji take farawa, Ailan kuma a gidajen haya na hukuma abin da ya rage bayan haraji take dubawa. Saboda haka kada ka ɗauki adadin wata ƙasa ka auna kanka da shi.

A Amurka ma babu adadi ɗaya ga kowa. Ma'aikatar gidaje, wato HUD, tana fitar da matsakaicin kuɗin shigar kowane yanki duk shekara, sai a yanka: kashi 80 cikin ɗari, kashi 50, kashi 30. Ma'aunin na iyali mai mutum huɗu ne, yana hawa ko sauka gwargwadon yawan mutanen gida. Takardar tallafin haya ta Section 8 galibi sai wanda bai haura kashi 50 ba, kuma kashi 75 na sababbin takardun ana ware su ne ga 'yan kashi 30. Wato dai cancanta daban, samu daban. Layin na iya ɗaukar shekaru.

Uwar lissafi:
Bari in ƙara a kan mai sayen gidan farko, don kalmar nan ta "farko" tana da tarko. A yawancin shirye-shiryen Amurka, idan ka yi shekara 3 ba ka mallaki gidan da kake zaune ciki ba, ka koma sabon mai saye. A Ingila ba haka ba ne. Ko a wata ƙasa ka taɓa mallakar gida, ko da gado ka ci, ka fita daga asusun Lifetime ISA, wato asusun ajiyar da gwamnati ke ƙara wa kuɗi, ta fuskar sayen gida.

Asusun nan yana da kyau ƙwarai ga wanda ya fahimce shi. Ana buɗewa tsakanin shekara 18 zuwa 39, ka zuba har fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora kashi 25. Amma gidan kada ya wuce fam 450,000, kuma sai asusun ya cika wata 12. Idan ka cire don wata buƙata, za a yanke kashi 25 na duk abin da ka cire. Ka zuba 4,000, ya zama 5,000, a yanke 1,250, ka tashi da 3,750. Ka ga har uwar kuɗinka an taɓa.

Shi kuwa Shared Ownership, inda kake sayen wani kaso na gidan kana biyan haya a kan sauran, iyakar kuɗin shigarsa a Ingila fam 80,000 ne a shekara ga iyali gaba ɗaya, a Landan 90,000.

Mai neman sani:
Na gode, Hajiya. To idan mutum ya shiga gidan, daga baya albashinsa ya ƙaru fa?

Dattijon gidaje:
Ba a korar mutum nan take. A gidajen gwamnati na Amurka haya tana bin kuɗin shiga ne, kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka ita ce za ta fara hawa. Sai iyali sun haura kashi 120 na matsakaicin yankin har wata 24 a jere sannan hukuma za ta ɗora musu haya mai tsada ko ta sa su tashi. Abin da ke jawo masifa shi ne ɓoye ƙarin, domin ranar da aka gano, duk bashin baya sai an biya. Ka sanar da ofishin a rubuce, ka riƙe kwafin takardar mai ɗauke da kwanan wata.