Neman shawara: gidan haya a Bukoki, kuma babu takarda ko ɗaya

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida a unguwar Bukoki nan Yamai, ciki da falo huɗu da shaguna biyu a bakin titi, kuma da kuɗin hayarsu nake riƙe da marayu. Tun yana raye babu takarda tsakaninsa da masu haya, magana ce ta baka da amana. Yanzu ana ta batun cewa hukuma za ta sake tsara farashin haya da yadda ake tashin mutum daga gida, ga shi ɗaya daga cikin masu hayar ya yi wata biyar bai biya ba. Me ya kamata in soma yi tun yanzu?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya marayu. Na daɗe ina aiki a ofishin wani wisiye, wato mai isar da takardun kotu da zartar da hukuncin alƙali, kuma abin da na fi gani yana kayar da masu gida gaban alƙali shi ne rashin hujja, ba tsananin doka ba. Dokar haya ta 1996 tana nan, kuma duk gyaran da za a yi mata, takarda za a fara tambayar ki. Ki rubuta yarjejeniya da kowannensu, a sa kuɗin wata, da ranar biya, da kuɗin ajiya, da wanda zai ɗauki lissafin wutar NIGELEC da na ruwa, shaidu biyu su sa hannu. Ki sayi littafin rasit mai kwafi.

Sai dai ki kula, shagunan nan hukuncinsu dabam ne, suna ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wato dokar bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da ita. Ɗan kasuwan da ya cika shekara biyu a shago yana biya yadda ya kamata yana da haƙƙin a sabunta masa haya, kuma idan ba a yanka wa'adi ba, sai an ba shi sanarwa wata shida kafin a tashe shi. Ko wanda ya ƙi biya, sai an aika masa gargaɗi a rubuce an jira wata ɗaya kafin a kai shi kotu.

Hajiya Rabi:
Na gode Malam. Shi mai bashin a ɗaki yake, ba a shago ba. Ƙanen mijina ya ce mu yanke masa wuta mu cire ƙofa.

Malam Isufu:
Don Allah kada ku yi, Hajiya. Alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa, wisiye ya zartar; idan kuka yi da hannunku, ku masu gaskiya ne za ku koma waɗanda ake ƙara.

Zainabu:
Inna, ni ƴar haya ce a Lazare, kuma ina roƙon ki fara kiran mutumin nan gaban mai unguwa ko limami, domin wata biyar bayan an saba biya galibi akwai dalili. Ku rubuta yawan bashin, ya sa hannu, a raba masa shi kaɗan-kaɗan a kan hayar kowane wata. Idan ya cika alkawari kin samu kuɗinki ba tare da shari'a ba, idan ya saɓa kuma takardar ta zame miki hujja.

Alhaji Mamman:
Ƙanwata, tunda gidan gado ne, ki tabbata magada sun wakilta ki a rubuce, kada gobe mai haya ya ce ba ke ce mai gida ba. Kuma kada ki yi gaggawar ƙara kuɗin haya saboda jita-jita, ki bari a ga abin da hukuma ta fitar a rubuce.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka muku da alheri. Gobe bayan la'asar zan tafi wurin mai unguwa, in sha Allahu.