Digiri na biyu a tarihin ikilisiya: in tafi ko in haƙura?

Ɗan Bishara: Salama a gare ku. Na samu gurbin digiri na biyu a tauhidi. Ina so in yi bincike kan Sifiriyan, bishop na Kartej a Arewacin Afirka, da yadda ya yi da waɗanda suka yi musun bangaskiya a tsanantawar Sarkin Roma Desiyus ta shekarar 250, suka dawo neman gafara. Irin wannan ta same mu a ikilisiyarmu. Dole ne in iya Latin, ko fassara ta isa? 'Ya'yana uku, albashin kuma kun san shi.

Malamin Lahadi: Ka fara da Agustin, ɗaya daga cikin ubannin ikilisiya. Mutumin ya cika shafuka da nadamar 'ya'yan itacen da ya sata yana ɗan shekara 16.

Ɗan Kagoro: Da mu ne, da mangwaron mishan da muka kakkaɓe, ai sai kundi goma.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanena, zauna da iyalinka. Ni ma haka na tafi da zumuɗi, kan Atanasiyus, bishop na Iskandariya, da taron bishop-bishop na Nikiya na 325. Dattawa suka yi alkawarin kuɗin makaranta, zango ɗaya suka biya. Matata ta sayar da awakinta biyu. Babi na uku ya shekara a teburin mai duba aikina, da na karɓo har da shatin kofin shayi a bango, ba jan biro ko ɗaya. Littafin da nake bukata kwafi ɗaya ne a laburare, shi ma an yage tsakiyarsa. Ban gama ba. Dubu 400 na kashe a shekara.

Maman Zumunta: Baba, dubu 400? Maigidana bai kai 250 ba.

Tsohon Ɗalibi: Ba ki sa haya da fotokwafi ba, Mama.

Malamin Lahadi: Rubuce-rubucen ubannin ikilisiya suna intanet kyauta, fassarar ƙarni na 19. Sai dai Turancin sai da ƙamus.

Ɗan Kagoro: Malam, kai da ko difloma ba ka yi ba?

Malamin Lahadi: Wanda ya yi ɗin ma ai bai gama ba.

Tsohon Ɗalibi: Wanda ya faɗa rijiya ya fi sanin zurfinta.

Ɗan Bishara: Don Allah, maganar Latin ɗin fa?

Rabaran Mai Ritaya: Da Latin Sifiriyan ya yi rubutu, ɗana, ka koyi ko kaɗan ne. Taron Kartej na 251 ya bambanta wanda ya miƙa hadaya ga gumaka da wanda ya sayi takardar shaidar miƙawa kawai, kalmomin nan za ka bi. A 258 aka fille wa Sifiriyan kai.

Maman Zumunta: Ni abin da ke damuna, ko sun gama, ba lallai a kai su birni ba. Maigidana da digirinsa shekara shida muna ƙauye, wani da satifiket yana babbar majami'a saboda kawunsa na cikin kwamiti.

Ɗan Kagoro: Mama, bari in ba ki labarin canjin wurin aiki na bara a gundumarmu.