Taƙaitawa: Shawarwari Kan Sabunta Ƙafar MGB

MGB ƙaramar mota ce ƙirar kamfanin MG na Birtaniya. An yi muhawara kan yadda ya fi dacewa a sabunta ƙafarta, wato sassan da ke haɗa taya da jikin mota. Ga abin da na tattaro daga muhawarar:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da bushin (robar da ke tsakanin mahaɗan ƙarfen ƙafa) da taya. Motar da aka daina ƙerawa tun 1980, robarta ta riga ta mutu, sabon shokozoba ba zai ɓoye hakan ba.

2. Shokozoba, nan aka rabu. Na asali irin mai hannu ne na kamfanin Armstrong, kuma a gaba shi ne ke riƙe saman ƙafar. Wasu sun ce a gyara shi a sabunta mai, ya wadatar. Wasu sun fi son a koma na zamani, na kamfanin Spax ko Koni. Masu adawa sun ce a baya kawai sauyin ke da sauƙi, na gaba aiki ne babba. Ni ma nan na karkata.

3. Bushin na foliyuretan (wani nau'in roba mai tauri) ya fi daɗewa, amma yana ƙara jijjiga.

4. Motocin MGB masu bamba (bumper) ta roba, daga ƙarshen 1974, an ɗaga su sama saboda dokar Amurka. Da yawa sun ce a sauke su da gajeren sifirin, sai dai mai bin hanya mai ramuka ya bar tsayin yadda yake.

5. Bayan kowane sauyi, a kai alaimen, wato a daidaita tayoyi.