Neman shawara: zan iya yin yoga don zanena ya gyaru?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai zane ce a Yalwa, nan Bauchi. Ba na zana mutum ko dabba, aikina launi ne da layi da siffofi kawai. Damuwata ita ce da na ɗauki burushi sai tunani ya cika min kai, hannuna ya ƙage, launukan su dagule. Ƙawata ta ce in gwada yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, da zaman natsuwa kafin in fara, amma zuciyata ba ta kwanta ba saboda addini. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, natsuwa tana fitowa a jikin zane. Wata mai zane, Agnes Martin, wadda ta zauna a New Mexico ta Amurka har ta rasu a 2004, takan zauna shiru har sai hoton aikin ya zo mata a zuci, sannan ta ja siraran layukanta da fensir a kan babban kyalle. Abin da ke faruwa a jiki kuwa sananne ne: idan kina fitar da numfashi a hankali, bugun zuciya yana lafawa, kafaɗa ta saki. Dogon layi daga kafaɗa yake fitowa, ba daga wuyan hannu ba. Ki yi minti goma kina numfashi, ki miƙe gaɓoɓinki, kuma ki rage launuka zuwa biyu ko uku har hannun ya saba.

Hajiya Maman Sadiya: 'Yata, tsoronki yana kan hanya. Yoga daga Indiya ta fito, kuma a ciki akwai abin da ya shafi bautar Hindu, kamar gaisuwar rana da wasu kalmomi da ake rerawa. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita, a 2009 kuma malaman Indonesiya suka hana mai rera-reren, suka bar ta motsa jiki zalla. Ki ɗauki miƙa da numfashi, ki bar sauran, ki kuma tambayi malaminki.

Ibrahim Mai Hula: Anti, mu ma muna da namu. Ki duba masu zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu, ko dagin Arewa a bangon gidajen sarauta, ko aska takwas a babbar riga. Babu fuskar kowa a ciki, amma mai gaggawa ba ya iya su. Ni bayan azkar ɗin asuba nake zana hula, lokacin gari bai tashi ba, kuma a nan hannuna ya fi tafiya daidai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da bayan asuba ɗin. Malam, miƙar kafaɗar a tsaye ake yi ko a zaune?

Malam Auwalu: A tsaye, gaban allon zanen, burushin na hannunki.