Ƙungiyoyin gari: me ya sa mara ke ba da n, cika kuma ke ba da 2^(n/2)?

Ɗalibar_Lissafi:
Assalamu alaikum malamai. Gari ne mai mutum n. Doka ta ce yawan membobin kowace ƙungiya mara ne, mutanen da kowaɗanne ƙungiyoyi biyu suka yi tarayya a kansu kuma cika ne, har da sifili. An ce ƙungiyoyin ba za su wuce n ba. Amma in aka ce yawan membobin ma cika ne, sai a kai 2^(n/2). A garin mutum 32, 32 ke nan da 65,536. Daga ina wannan rata ta fito, kuma me ya kawo vekta cikin zancen?

Malam_Aljabra:
Wa alaikumus salam. Masanin lissafi Berlekamp ya kawo wannan a 1969. Ki ba kowace ƙungiya vekta mai gurbi n: 1 in mutum yana ciki, 0 in ba ya ciki. Lissafin a F2 za a yi, inda 1+1=0. Ki ninka vektoci biyu gurbi da gurbi ki tara, abin da ya fito shi ne yawan mutanen tarayya. To in vi ce vektar ƙungiya ta i, vi·vi=1 saboda mara, vi·vj=0 saboda cika.

Yanzu a ce a1v1+...+amvm=0. Ninka duka da vi, komai ya mutu sai ai·1, ke nan ai=0. Babu vektar da za a iya haɗawa daga sauran, kuma sararin mai daimenshan n ba ya ɗaukar irin waɗannan fiye da n. Ana kaiwa n ɗin ma: kowa ya kafa ƙungiyarsa shi kaɗai.

Hajiya_F2:
Ratar tana wuri guda, ƙanwata. In membobi cika ne, vi·vi=0, dabarar Malam ta tsaya. A lambobin yau da kullum vektar da ba sifili ba ba ta ba da sifili in an ninka ta da kanta, amma a F2 (1,1)·(1,1)=0. Nan ɗalibai ke zamewa.

Hanyar ita ce a ɗauki W, sararin da vektocin suka haifar. Duk biyu a cikinsa ninkinsu sifili ne, don haka W yana cikin W⊥, wato tarin vektocin da ninkinsu da kowace vektar W sifili ne. Daimenshan ɗin W da na W⊥ in an tara n ne, wannan bai karye ba a F2. To na W bai wuce n/2 ba, vektocinsa ba su wuce 2^(n/2) ba. In n mara ne a zubar da ½ ɗin da ya rage a n/2. Ginin mai sauƙi ne: a jera mutum 32 bibbiyu, a sami 16, kowace ƙungiya ta ɗauki biyun tare ko ta bar su tare. 2^16 ke nan, har da ƙungiyar da ba kowa.

Ɗalibar_Lissafi:
Na gode ƙwarai. In aka sa 3 ko 6 a madadin 2 fa?

Malam_Aljabra:
Da 3 komai na tafiya: in an raba da 3, na tarayya ba ya barin saura, yawan membobi ya bar saura 1 ko 2, duka ana iya rabawa da su a F3 (inda 1+1+1=0), ai=0, iyaka n. Da 6 hujjar ta karye, don 2×3=0 a can; ai=3 da ƙungiya mai mutum 2 sun ba da sifili ba tare da ai ya zama sifili ba. Gyaran: lambar da 6 ba ta raba ta, ko 2 ba ta raba ta ko 3. Ki kasa ƙungiyoyin kashi biyu, kowane bai wuce n ba, jimla 2n.

Inda 6 ke ta'adi sosai shi ne in an juya dokar: wata lamba m ta raba yawan membobi ba saura, amma kada ta raba na tarayya. In m lamba ce p wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, hanyar Frankl da Wilson ta 1981 tana tsayar da yawan ƙungiyoyin a kusan n^(p-1), ta hanyar mayar da kowace ƙungiya folinomiyal mai daraja p-1. Da m=6 kuwa, Grolmusz ya gina misali a 2000 wanda yawansa ya zarce n^k ga kowace tsayayyiyar k in n ya yi girma.